Ranar da Na Shanye Shaida a Kotu

Mutanen wani ƙauye kusa da Kutama ne suka kai mai gidan mai ƙara, wai tankinsa na yoyo cikin rijiyarsu. Ni aka kira kotu a Gwarzo, a matsayin masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Na ɗebo ruwan rijiyar a gorar roba irin wadda nake shan ruwa da ita, don a ganina mai ilimi kamar ni ba ya ruɗewa.

Na ɗaga gorar na ce, "Ya mai shari'a, ko akuya bai kamata ta sha wannan ba."

Sai lauyan mai gidan man ya taso ni da tambayoyi. Gumi ya karyo mini, maƙogwaro ya bushe. Na lalubi gora na kafa kai. Sai da na kai rabi na ji warin fetur.

Mai unguwar masu ƙarar ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Malam ya shanye mana shari'a!"

Alƙali ya ɗage zaman, ni kuwa sai asibiti. Har yau duk gidan da na shiga a Gwarzo sai an tambaye ni, "Malam, na randa za a kawo, ko na kotu?"