Lawal Ya Gano Burtali

"Ni da taswira ai hira muke yi," in ji Lawal, yana buga ƙirji a rumfar mai shayi a Utako. "Ku miƙo mini tsohuwar takarda in nuna muku inda saniyar kakanku ta yi atishawa!"

Lawal ɗin nan, abokina, dillalin filaye ne, ko kuwa tsohon masinjan ofishin safiyo, na manta. Ina jin duka biyun. 'Yan rumfa dai Farfesa Kamfas suke ce masa, shi kuma yana amsawa har da gyara hula.

Ran nan sai Oga Zacharias mai shagon taya ya ce ya sayi gona bayan Kuje, amma ana ta ce masa tsohon burtali ya ratsa ta, wato hanyar shanu ta tun kakanni. Tsoronsa kada ya dasa doya shanu su zo su yi masa girbi.

"Oga, burtali ai ya mutu tuni," in ji Lawal. "Mu je in nuna maka kabarinsa."

Taswirar da ya ɗauko kuwa ta surukinsa ce, Baffa, gadon mahaifinsa da ya yi wa Turawan safiyo ja-gora. Ga rugage a ciki, ga mashaya, ga hanyoyin shanu. Da ƙyar tsohon ya ba shi aro, yana cewa, "Ko kusurwarta ta yage, kada in ƙara ganin ƙafarka a gidana."

Da suka isa, Lawal ya ɗora yatsa kan wani jan layi mai kauri.

"Ga kwaltar Kuje nan."

"Malam Lawal, wannan takarda ba ta girmi kwalta ba?"

"Oga, kai taya ka sani. Bar mana ilimi."

Jan layin nan kuwa shi ne burtalin. Da Lawal ya mai da shi kwalta, sai komai ya ƙi zama. Rafin da ya kamata ya zo dama ya ɓullo hagu, Lawal ya ce rafin ne ya yi kuskure. Ya ja su cikin gonar rogon wata mata, ta biyo su da fartanya. Tudun da ya rantse tsohuwar ruga ce, da suka matsa sai ga gara tana fita.

Can suka faɗo wani fili mai faɗi a gefen gonar Oga. Farfesa ya shimfiɗa taswira a ƙasa, ya danne ta da takalmansa.

"Nan dai saniya ba ta taɓa takawa ba!"

"To wannan kashin shanu fa?"

"Na tarihi ne."

"Amma yana tururi fa, Malam."

Bai rufe baki ba sai ga ƙahonni sun ɓullo daga kwana, garke guda! Oga ya ɗare rufin motarsa da suka bari nan kusa. Lawal ya haye bishiyar kashu ba takalmi, reshe ya riƙe masa babbar riga. Yana lilo yana kallo wata jar saniya ta tsaya, ta shinshina taswira, ta naɗe ta da harshe, ta soma tauna a natse.

"Ke! Gadon surukina ne! Tofar!"

Saniya ta haɗiye.

Sai ga makiyayin a baya, wani dattijo da sanda a kafaɗa. A daidai nan wayar Lawal ta ɗau ƙara. Baffa ne.

"Lawal, ina takardata?"

"Baba, tana nan lafiya. Ana... ana nazarinta."

Ya toshe wayar da tafin hannu, ya leƙo ƙasa. "Baba, don Allah yaya zan yi in karɓi kayana?"

Dattijon ya dubi saniya, ya dubi mutumin da ke lilo a reshe.

"Ai ba ta riƙe wa kowa kaya, Malam. Ka samo leda ka biyo ta. Gobe da safe za ta mayar maka."