Rasuwar 'Yar Baƙa, Kwana Uku Kafin Zuwan Mutanen Kamfani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana shi fita kasuwa, Alhaji Lauwali dillalin albasa na Aliero yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Jega da Maiyama da kewaye rasuwar kwamfutar gidansa, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu jiya Litinin tsakanin azahar da la'asar, a zaurensa, bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar jinyar da ba wanda ya nema.

Marigayiya baƙuwa ce. Ta zo daga Turai da shekarunta, ta sauka Kwatano, ta kwana kasuwar Alaba ta Legas, ta iso Aliero a gaban motar albasa, bisa cinyar Alhaji, lulluɓe da rawaninsa. Ya sayo ta ne domin ɗiyarsa Raihanatu lokacin da ta shiga jami'a karatun kwamfuta. Shi dai bai wuce aji uku na firamare ba, amma ya yi shekara talatin yana karanta fuskar direba da ta ɗan kamasho, kuma tun ranar farko ya shaidi marigayiya da halin kirki. Ba ta tsegumi. Abin da aka ba ta ajiya shi take mayarwa, ba ragi ba ƙari. In an tashe ta da safe takan gaida gida da ɗan kiɗanta, "tilin-lin-lin", in an yi kuskure ta ce "tum" sau ɗaya, ba ta maimaitawa gaban baƙi. Aibinta guda: ba ta jure rashin wuta. Minti ashirin in an ɗauke, sai ta suma.

A watanni bakwai na ƙarshen rayuwarta ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfin shekarunta. Wani kamfanin jigilar kaya na Legas ya zo jami'a ya ba ɗaliban ajin ƙarshe aiki: su ƙera manhajar da za ta riƙa faɗa wa mai lodi wace albasa ce za ta kai Legas ko Fatakwal lafiya, wace ce za ta ruɓe tun kafin Kontagora. Aka haɗa Raihanatu da abokan karatunta biyu, Waliyyu na Jega da Surajo na Karaye. Sharaɗin a fili yake. Aikin shi ne makinsu na kammala digiri, kuma in ya yi wa kamfani, za a ɗauki su ukun aiki. Mutanen kamfanin za su zo jibi Alhamis, ƙarfe goma. Sau ɗaya za su zo.

Ilmin da ke cikin manhajar kuwa daga bakin Alhaji aka ɗebe shi. Su zaunar da shi, su yi ta tambaya: yaya ake gane wuyan albasa ya bushe, wane ƙara ɓawonta ke yi in ta ƙosa, kwana nawa albasar ƙauyen Jiga Birni ke yi a rumbu kafin ta fara tsira. Yana faɗa, marigayiya tana haɗiyewa, "ƙyat-ƙyat-ƙyat", ba ta taɓa ce masa ya cika surutu ba. A duk duniya ita kaɗai ta saurare shi har ƙarshe.

Ga yadda ajali ya zo. Jiya aka kawo wuta da rana tsaka, abin da ba a saba gani ba. Yaran suka ɗora mata aikin haɗa manhajar gaba ɗaya, suka tafi ganin malaminsu, Raihanatu ta bar saƙo kada kowa ya taɓa. Bazara ce, kwanon zaure kamar zai narke. Alhaji yana kishingiɗe ya ji fankar cikinta tana kuka, "fuuu, fuuu", irin numfashin jakin da aka yi wa kaya biyu. Ya ɗora bayan hannu a ƙirjinta, ya ji zafi kamar tandar masa.

A nan iyalin mamaciya ke roƙon jama'a su yi adalci. Mutumin da ya kai goro Maradi bai ƙone ba, ya kai jarkar ruwa Anacha tana da sanyi, da me ya yi? Da jiƙaƙƙen buhun algarara. Bai taɓa ba shi kunya ba. Saboda haka ya tsoma buhu a randa, ya matse, shi dai yana rantsuwa ya matse, ya naɗe ta ruf kamar jaririya, har ya tura gefen buhun cikin ramukan da iska ke fita, don nan ne zafin ya fi yawa. Ta ce "fuu". Ta ce "tit, tit, tit". Ta ce "ƙyas". Daga nan shiru.

Alhaji ya ɗauka zazzaɓi ne ya sauka ta samu barci. Ya tafi la'asar da fara'a, har ya tsaya bakin masallaci yana ba abokansa labarin cewa akwai dabarar da ba a koyarwa a jami'a. Waɗanda suka ji wannan magana, don Allah su manta da ita.

An yi ƙoƙari. Ya shanya ta a tabarma yana juya ta kamar albasar da ruwa ya taɓa, sai da Surajo ya durƙusa ya roƙe shi ya bari. Kafin magariba Waliyyu ya ɗauko Yahaya mai gyara daga Sabon Garin Jega. Yahaya bai ko buɗe jakarsa ba. Ya sunsuna ta, ya cire hula, ya mayar.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da jaka, da linzami wanda tun jiya ake turawa ba ya kai kowa ko'ina. Ta bar filashin Waliyyu na ajiye kwafin aiki, wanda aka dogara da shi a matsayin magaji, sai aka tarar abin da ke cikinsa na wata biyu baya ne, rabinsa ma cuta ta cinye a wani shagon buga takardu. Ta bar marayu uku. Buhun kuwa yana nan da ransa, ya bushe sarai.

Cikin marayun, halin Raihanatu ya fi tsaya wa Alhaji a rai. Da ta yi kuka ko ta ɗaga murya, da ya san yadda zai yi, don ya saba da masu ihu a kasuwa. Ba ta yi ba. Ta warware buhun, ta ninke shi gida huɗu, ta ajiye masa a gefen tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi da gida kamar kullum, ta shige. Furar da ita ke kawo masa tun tana 'yar shekara bakwai, jiya Hajiya Zulai, mahaifiyarta, ta kawo. Yau ma haka. Ya kasa sha.

Tsarin jana'iza. An tambayi liman, ya ce babu salla, sai haƙuri. Za a ɗauki gawa yau Talata da hantsi zuwa shagon Yahaya a Jega, inda zai buɗe ta ya ciro faifan da take ajiye abin da ta sani. Ya ce watakila ruwa bai kai nan ba, ya kuma hana a ɗauki watakilarsa a matsayin alkawari. A wannan tafiya ba a cinyar Alhaji za a ɗora ta ba.

Zaman makoki a zauren gida, yau da gobe. Ba a buƙatar gero ko goro. Abin da ake roƙo, don girman Allah, duk mai kwamfuta a Aliero ko Jega ko Maiyama, malami ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya ba da aronta na kwana biyu, domin in faifan bai tashi ba yaran za su sake ginin daga takardun Raihanatu. Ana tabbatar wa mai ita cewa an fitar da randa daga zaure. An fitar da Alhaji ma. An shimfiɗa masa buzu a waje, ƙarƙashin taga, hannayensa cikin aljihu, kuma duk abin da ya faɗa a wata bakwai zai sake faɗarsa daga farko, ko sau nawa aka so.

Sadakar uku ranar Alhamis, ƙarfe goma, a jami'a, gaban mutanen kamfani.

Masu ta'aziyya kada su tsaya wurin Alhaji, ba shi aka yi wa rashi ba. Su wuce ciki. Wanda Raihanatu ta ɗaga kai ta dube shi, ya gaya mata tsohon yana bakin taga tun asuba, kuma tambayar farko kawai yake jira, ko da ta bakin Surajo za ta aiko.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya raba lafiyayyu da jinyar masu ƙaunarsu.