Yadda Arunacalam Ya Ceci Gashin Bakinsa

"Rawa ba aikin ƙafa ba ce, aikin kai ce. Kan nan nawa kuwa ya gama ta tuntuni."

Arunacalam ke nan, a bencin mai gahawa na bakin layinmu a Kumbakonam ta ƙasar Indiya, yana juya gahawarsa daga kofi zuwa tasa don ta huce. Ni Sikkandar tela, shagona yana kallon bencin, kuma kayan 'yan rawa nake ɗinkawa tun ina saurayi. Saboda haka abin da zan ba ka, abokina, ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

Mutumin nan tikiti yake dubawa a jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Da zaman gida ya ishe shi sai ya faɗa wa littattafan falsafa, ya karanta shafukan farko na kowanne, ya fito mana a matsayin shehi. Abu biyu ya mallaka a duniya, baki da gashin da ke bisa bakin. Gashin baki kuwa na gani na faɗa, murɗaɗɗe, kowane gefe ya lanƙwaso sama kamar ƙahon sa, yana shan man kwakwa safe da yamma. Matarsa Tangamani ta sha faɗa a gabanmu cewa ita ba ta taɓa samun rabin wannan kulawar ba.

Ranar nan ya ɗauko bayanin Nataraja, wato Shiba Sarkin Rawa, abin bautar 'yan Hindu. Ya ce ganga a hannu ɗaya ita ce halitta, wuta a ɗaya hannun ita ce ƙarshen komai, duniya gaba ɗaya rawa ce. Ya ce 'yan matan makarantar rawa ta Gwaggo Alamelu suna shekara da shekaru suna dukan ƙasa ne kawai don ba su san ma'ana ba, amma wanda ya san ma'ana jikinsa da kansa zai bi.

To akwai Duraisami a wurin, abokin tsokanarsa tun suna firamare. Shi ne sakataren kwamitin haikalin unguwa, kuma 'yarsa Walli ce babbar ɗalibar Gwaggo. Ya ajiye kofinsa a hankali.

"Malam Falsafa, kai da ko takalminka ba ka iya sunkuyawa ka ɗauka?"

"Bikin watan Margali yana tafe," in ji Arunacalam. "Idan ban hau dandamalin haikali cikin 'yan rawa ba, a aske wannan." Ya shafa gashin. "A ƙofar haikali, da rana tsaka."

Palani wanzami, da ke gefe yana cin ƙosai, ya tashi ya zagayo ya ƙare wa gashin kallo ta dama da hagu, ya koma ya zauna. Daga ranar kullum sai ya fito da aska ƙofar shago yana wasa ta, daidai lokacin da Arunacalam zai wuce.

Ranar da ake kai yara fara karatu, Arunacalam ya ɗauki faranti da kwakwa da ayaba ya kai wa Gwaggo Alamelu. Tsohuwa ce 'yar firit, ba ta da yawan magana, sandarta da ɗan katakon da take bugawa su ke yi mata magana. Ta karɓa, ta sa shi a ajin 'yan fari, cikin yaran da mafi tsawonsu iyakarta cibiyarsa. Kafin a ɗaga ƙafa sai an durƙusa an taɓa ƙasa an shafa a ido, a nemi gafararta tunda za a tattake ta. Arunacalam ya dakatar da ajin ya yi musu lacca kan ƙasa uwa ce, mai haƙuri ce, mai ɗaukar nauyin kowa ce. Gwaggo ta bari ya kai aya.

"Madalla. To yi mu gani."

Ya sauka lafiya lau. Tashi ne ya gagara. Gwiwa ta yi ƙara, ƙugu ya amsa, mutum ya maƙale a tsugune hannu a ido. Sai da makaɗin makarantar ya kama hannu ɗaya, wata uwa da ta rako 'yarta ta kama ɗaya. A bencin gahawa ya ce mana ya daɗe a ƙasa ne don nasa neman gafarar ya fi na yara zurfi.

Daga nan aka shiga rabin zama. Ka san shi, a haɗe dugadugai, a buɗe gwiwoyi, a sauke jiki kamar za a zauna a kujerar da babu ita, a haka kuma za a riƙa buga ƙafa. Duk rawar a kan wannan take. Yara suna yi suna hira. Arunacalam kuwa cinyoyinsa suna karkarwa tun kafin sanda ta taɓa katako. Sai ya yi dabara, ya ɗauro zanensa, irin wanda mazan garinmu suke ɗaurawa, sakwa-sakwa har idon sawu, ya ɗan ranƙwafa ta sama, a ciki kuwa ƙafafu a miƙe sambal. Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce wai ana zafi, kowane namiji a ajin ya naɗe zanensa bisa gwiwa. Shi kaɗai ne namiji.

Mako na zagayowa sai ga shi a shagona yana raɗa. Wai in ɗinka masa ƙararrawar ƙafa, masu layi-layi irin na manya, don ƙarar za ta rufe ɗan abin da ya rage. Na ce masa, yaya, ka san ba a ɗaura ta sai malama ta ga ka isa, ta sa mata albarka a gaban Nataraja ta miƙa maka da hannunta. Ya ce wannan dokar ta waɗanda ba su san ma'ana ba ce. Na ɗinka, ai sana'ata ce. Ya ɗaura tun daga gida ya rufe da zane, ya bi layi caccas, caccas, har mata suka leƙo suna zaton amalanken shanu ne ya kawo kayan miya.

Na bi shi, wallahi ba zan ɓoye maka ba, na rufe shago na bi shi. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da yaran ta ce Kaka, wato Arunacalam, zai yi shi kaɗai. Ta buga katako, ƙararrawa ta amsa a makare. Ta sake bugawa, ƙararrawa ta riga ta. Kuskuren da a da yake ɓacewa cikin ƙafafun yara, yanzu har mai sayar da fure a ƙofa yana jinsa. Ta miƙa hannu, ya kwance ya ba ta, ta rataye a ƙusa.

Bai daddara ba. Ya ce a bar ƙafa, ai asalin rawa a fuska take, ido da gira su ke ba da labari. Gwaggo ta ce to ya nuna mata mai bauta da begen ubangijinsa ya dame shi. Ya kwana biyu yana gwadawa a madubin gida. Tangamani ta leƙo ta gan shi, ta je ta jiƙo masa maganin murɗar ciki.

Margali ya kama. Aka fitar da waɗanda za su hau dandamali, babu Arunacalam. Palani ya sayo sabon sabulun aski ya ajiye a taga. A nan na ga mutumin nan ya rame, har gashin ya fara sunkuyowa, kuma gaskiya ya ba ni tausayi. Ya je ya zube a gaban Gwaggo ya ce ta rufa masa asiri, ko mai riƙe fitila ne ta sa shi.

"Rantsuwarka cikin 'yan rawa ka ce," in ji ta. "Gurbi ɗaya ya rage. Ba ya son gwiwa, ba ya son ƙararrawa. Muyalakan."

Duk yaron garinmu ya san Muyalakan. Shi ne wadan nan da ke kife a ƙarƙashin ƙafar Nataraja, jahilci da girman kai, wanda Sarkin Rawa ya take ya yi rawarsa a kai. A makarantar, matashin kai suke sawa a gurbinsa. Arunacalam ya miƙe ya ce shi, shi da ya san ma'ana? Ya fita a fusace. A kwanar layi ya ci karo da Palani yana gwada kaifin aska a gashin hannunsa. Ya juyo ya koma ya ce wa Gwaggo ya yi tunani.

Da yamma ya zo mini da dabararsa ta ƙarshe. In ɗinka masa baƙaƙen kaya, a shafe shi da baƙin fenti, ya kwanta fuskarsa tana kallon bayan dandamali. Jama'a ba za su san ko wane ne ba. Bayan biki sai ni da Gwaggo mu shaida wa 'yan bencin gahawa cewa ya hau, shi ke nan, gashi ya tsira, mutunci ya tsira. Na ce wannan karon kam dabarar ta yi ma'ana.

Ranar biki harabar haikali ta cika maƙil tun kafin rana ta faɗi. Aka yi raye-rayen yara, aka zo kan babbar rawa. Wani baƙin ƙunshi ya rarrafo ya kife a tsakiya, ƙeya ga jama'a. Walli ta shigo a matsayin Nataraja, ta girgiza dandamali, ganga tana bin ƙafarta, har tsofaffi suna share hawaye. A ƙarshe ta ɗora ƙafar dama a gadon bayan ƙunshin, wani makaɗi ya tallafe ta ta baya da sanda, ta ɗaga ta hagu ta tsaya cak kamar gunki. Walli kuwa ba ƙaramar yarinya ba ce, tana cin shinkafarta yadda ya kamata.

A daidai nan sakataren kwamiti yake yi wa jama'a bayani a lasifika. Duraisami ya gyara murya. 'Yarsa ta riga ta tsegunta masa ko wane ne ƙunshin, amma bai kira sunan kowa ba. Ya fara a nutse, ya ce ga ganga alamar halitta, ga wuta a hannun dama alamar ƙarshen komai. Ƙunshi ya motsa. Duraisami ya maimaita, a hankali, wuta a hannun dama, kamar yadda duk masana suka sani.

Na ga kafaɗun suna rawa. Na ce a raina, yaya, daure, saura kaɗan. Ina! Kai ya ɗago, ya juyo gaba ɗaya ga jama'a, ƙahonni biyu suna ƙyalli cikin fitila.

"Hagu! Wutar a hannun hagu take, jahili!"

Harabar ta fashe. Walli ta ƙara danna ƙafa don kada ta faɗi, Muyalakan ya koma ƙasa da ɗan nishi. Duraisami ya jira dariya ta lafa, ya ce ya gode da gyara, kuma jama'a sun gani da idonsu abin da ya sa Nataraja ba ya ɗage ƙafar nan ko na ƙiftawar ido.

Gashi dai ya tsira, Palani ya mayar da sabulunsa cikin akwati. A bayan dandamali na tarar da Arunacalam yana goge fenti, Tangamani tana matsa masa baya da mai. Da ya hango Gwaggo sai ya murɗe gashin ya tambaye ta, cikin ɗalibanta duka, yaya ta ga nasa aikin.

Tsohuwar ta dube shi da gaske, babu ko murmushi.

"Tun ina budurwa nake koyar da rawa," ta ce. "Kai kaɗai ne ka hau dandamali da abin da ka zo da shi daga gida. Ban ƙara maka komai ba."