Rufin Motar Kumandan

"Ni Gambo, babu abin da hannun ga bai ruhe ba. A Faransa har tankar yaƙi na yi ma ruhi, janar da kainai yar riƙe mini allura."

Da wannan Gambo Baki-Goma yake buɗe kasuwarsa kowace safiya a tashar Dogon Dutsi. Abokina, ni na san shi: Faransar tasa ba ta wuce barikin Doso ba, inda ya shekara biyu yana yankan albasa. Amma lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, kowa ya zama gwani, babu mai tsayawa bincike.

Ana nan sai masifa ta faɗa wa Alphonse, direban sabon kumandan, wato babban jami'in mulkin yankin. Motar kumandan irin mai rufin tamfol ce da ake naɗewa baya. Maigidan ya bi ayari zuwa taro a Doso, Alphonse ya kai motar gidansa don ya tsare ta, awakin matarsa suka hau suka cinye tamfol tas, suka bar ƙarafa tsirara. Saura kwana uku kumandan ya dawo a kai shi biki Matankari tare da matarsa Madam Henriette. Sabon tamfol kuwa sai Yamai, wata guda kafin ya iso. Alphonse 'ya'yansa bakwai, kuma tuƙin nan ne tuwonsu. Mutum ne mai hankali, har yau ina jin tausayinsa. Tsoro ne ya kai shi hannun Gambo.

Gwanin naka ya zagaya mota, ya yi tsaki, ya ce tamfol aikin ragwaye ne. Shi ɗanyar fatar bijimi zai ja a kai, yadda makaɗa ke ɗaure ganga.

"Mushe Gambo, hwata kuwa?" in ji Alphonse, mai kiran kowa Mushe, wato Malam da Faransanci.

"Kai, ka taɓa ganin ganga na yoyo?"

Ya ɗauko fata daga mahauta, ya ja, ya ɗaure. Wutsiyar ma ya bar ta tana reto a baya, wai ado ne.

Ranar farko wari ya tashi, ƙudajen gari suka yi hijira zuwa gidan Alphonse, ungulu uku suka sauka a rufin suka gyara zama. Gambo ya ce kallon aiki suka zo. Rana ta biyu fata ta sha rana ta ƙanƙance, ta lanƙwasa ƙarafa, ta matse ƙofofi har Alphonse sai ta taga yake shiga. Wani makaɗi da ke wucewa ya ɗan buga, ya tambaya ko ta sayarwa ce. Gambo bai ji kunya ba, domin ba a haife shi da ita ba. Ya sa aka kawo man shanu ƙwarya guda, ya shafe fatar ciki da waje har ta saki.

Kumandan ya dawo da mura, hancinsa a toshe, bai ji komai ba. Madam ce ta shiga da hankici a hanci. Gambo ya faɗa kujerar gaba ba gayyata, don kada yabo ya zo ba ya kusa.

Tsakanin Dogon Dutsi da Matankari hadari ya tsinke. Fata ta sha ruwa, ta yi ciki, cikin yana saukowa a hankali kamar hantsar saniya, har ya zauna a kan ɗankwalin Madam.

"Kada kowa shi motsa," in ji Gambo. "Ɗan rami guda za ni yi, ruwan shi hita da ladabi."

Ya zaro basilla ya soka. Fatar ta yage tun daga gaba har wutsiya. Ruwa da man shanu da gashin bijimi suka juye a kan kumandan da fararen kayansa na biki.

Kumandan bai ɗaga murya ba. Ya share fuska, ya ce wa Alphonse za a aika Yamai a kawo tamfol, amma kafin ya iso, in ɗigon ruwa ko rana ya sake taɓa Madam, ya ajiye makulli a biro, wato ofishinsa. Alphonse ya tuna 'ya'yansa bakwai, ya juya ya dubi Gambo. Yana da abokai cikin gardawan kumandan, wato dogaransa, kuma da aka koma gari da su ya je ɗauko gwanin.

Washegari gari ya fito kallo. Ga mota tana tafe, ga Gambo tsaye a baya an ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin ƙarfe, hannuwa biyu sama, riƙe da tabarma a kan Madam. Wata guda cur haka: Matankari, Tibiri, Sukukutane, rana ta gasa shi, ruwa ya wanke shi. Duk da haka bakin bai mutu ba, daga saman ma koya wa Alphonse tuƙi yake.

Ranar da tamfol ya iso aka ɗaura, aka kwance Gambo a gaban biro cike da mutane. Ya tsaya yana jiran godiya, hannuwansa sun ƙi saukowa. Madam ta shafa sabon tamfol, ta ce wa Alphonse:

"Wanga ruhi ya hi wanda anka cire yanzu. Ba shi yoyo, kuma ba shi surutu."