Turarena da Kwalaben Zulai

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da jikata Zulai ta gayyace ni ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu ba. Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai a Haɗeja, ina zana wa ɗalibai na'urar gas kiromatogirafi, mai rarrabe sinadarai, da alli, alhali ban taɓa ganinta ba sai a littafi (wannan kuwa ban taɓa faɗa wa kowa ba).

Aikin Zulai na kammala karatu a kan kachalla yake, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Ta yanko ta daga fadamar Baturiya, ta jiƙa, ta bar ta ta yi tsami har mako shida, domin ta auna yawan itanol da sauran dangin alkohol da za a samu don makamashi. Abin da ta tace duka bai wuce cikin 'yan kwalabe takwas ba.

Na sa babbar riga, na kafa hula, na jefa kwalbar turaren fesawa a aljihu, na nufi makarantar. Malamin da ke duba aikinta, wanda ake kira Dakta, ashe tsohon ɗalibina ne, wanda na sha zane shi saboda rashin wanke kwalaben gwaji. Ya durƙusa ya gaishe ni. Daɗi ya kama ni, na zaro turare kamar yadda dattijo ke yi in an girmama shi, na feshe shi, na feshe Zulai, na ƙara wa iska. Kwalabenta kuwa suna gabanmu a buɗe.

Zulai ta zuƙi ɗigo da allura daga kwalba ɗaya ta sa wa na'urar nan da na daɗe ina zanawa. Zafi ya mai da shi tururi, iskar gas ta tura shi cikin siririn bututu, kowane sinadari yana fitowa a lokacinsa. Sai ga layin itanol ya yi tsiri a allon kwamfuta. Na gyara murya na ce, "Dakta, ka shaida, jinina ne wannan. Kachalla ta zama fetur!"

Ya ƙura wa allon ido. Sannan ya ce, "Zulai, gwada kwalbar tataccen ruwan nan." Ruwa zalla, shi ma ya nuna itanol.

Dakta ya dubi ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko zan iya ganin turaren nan?"

Ni da na koya masa cewa da itanol ake narkar da irin wannan turare! Kwalabe takwas, wahalar mako shida, duk na lalata. Na nemi kujera na zauna.

Idon Zulai ya cika da hawaye, amma da ta dube ni sai ta matso ta ce, "Haba angona, kishi kake da karatuna har ka zo ka yi masa ƙauli? To, tararka ita ce ka raka ni Baturiya."

Ranar Asabar na naɗe wando har gwiwa, na shiga kwalekwale, na yanki kachalla masunta suna ta yi mini sannu da aiki, Malam. Ta sake jiƙawa, aikin ya yi kyau, ta ci jarrabawarta.

Abin da na koya da furfurata shi ne, in yaro ya kira ka ka ga aikinsa, ganin kawai ya ce ka yi. Ranar da za ta sake aunawa, a bakin ƙofa na tsaya, hannuwana a baya.