Guɗar da Na Yi wa Talotalo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na bi surukina farauta ba, ko da kuwa na so in manta.

Daga Montreuil na tafi Lyon, nan cikin Faransa, ganin ɗiyata Rabi, lokacin da sanyi ya saki, itatuwa suka fara toho. Mijinta ya ce wani Bature mai gandun daji ya ba shi izinin harbin talotalon daji da kwari da baka, kuma sau ɗaya ake ba mutum a shekara. Har ya gayyaci abokan aikinsa cin naman. Na ce ƙafata ƙafarsa, don ba na cin abin da ban ga an yi masa bisimilla ba. (Gaskiya kuma ban yarda mai zaman biro, ɗan ofis, zai iya jan baka ba.)

Da sassafe muka ɓuya cikin wata 'yar bukka ta ƙyalle, mu uku. Rabi ta yi tari, na harare ta. "Ke, ba kasuwa muka zo ba."

Surukina ya goga wani ɗan katako, ya ba da kukan macen talotalo. Sai daji ya amsa. Jama'a! Na san talotalon Maraɗi mai tonon bola, amma wannan halitta ce daban. Ya fito cikin ciyawa mai raɓa, a hankali, ya baje wutsiya kamar faifai, fikafikai na jan ƙasa. Rana ta bugi gashinsa, ya zama tagulla, ya koma kore. Kansa na sauya launi ina kallo. Gurnaninsa har cikin ƙirjina. Ango sak, cikin babbar riga.

Surukina ya ja baka har kunne. Ni kuwa ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. Ayyiriri!

Kibiya ta kafe a jikin itace. Talotalo ya yi gabas.

Bawan Allahn nan, don kunyar surukuta, ko kai bai ɗaga ba. "Ba komai, Hajiya," ya ce, yana kallon ƙasa. "Murya dai ta fita."

Rabi ta riƙe ciki don dariya. "Inna, c'est pas possible, abin ya wuce hankali! Wa aka ɗaura wa aure?"

Ƙarshe dai kajin mahauci baƙin da ya gayyata suka ci. Ni na soya, ba wanda ya roƙe ni.

Abin da na gane shi ne, duk tsaurina, in Allah ya nuna mini ikonsa, bakina ba nawa ba ne. Yanzu in za a je farauta, ina gida ina yanka albasa.