Ranar da Na Gano Masu Sikila Bakwai a Dayi

Shekarata tara a ɗakin gwajin jini a Funtuwa, har na fara cika baki cewa ko ido rufe zan karanta sakamako. Aikin ai ba wuya: a ɗiga jini a takarda, a sa mata lantarki, kowane nau'in jini ya ja layi a inda yake tsayawa.

Ran nan manoma takwas daga Dayi suka zo gwajin kafin aure. Ina duba takardar sai ga bakwai duk sikila! Maimakon in yi shakka, sai daɗi ya kama ni. Ƙarti masu saɓa buhun masara, a ce sikila? Na tsare su da tambaya: wane ruwa kuke sha, wace miya? Ɗayansu har ya kira surukansa a dakatar da biki.

Na ruga wurin shugabarmu. "Hajiya, ki zo ki ga abin da likitocin duniya ba su taɓa gani ba!"

Ta sa tabarau, ta kalla, ta juya takardar. Ashe a kife na riƙe ta. Nan take kowa ya warke.

Har yau in manomi ya shigo, sai Hajiya ta ce, "Farfesa, ka tambaye shi miyarsu kuwa?"